Madubin Auta

Sista ce ta fara gani. Ta tura ƙofar ɗakin gwaji da kafaɗa, hannayenta riƙe da tire, sai ga na'urar auna jijiya kwance a ƙasa, fuskarta a tarwatse. An tunkuɗa tebur mai taya da na'urar ke kai, ya je ya daki durowar gilashi, gilashin ya zubo, gwangwanin garin filasta da ake kwaɓawa a ɗaure karaya shi ma ya kife. Ɗaki ya yi fari fat. A tsakiyar farin nan kuwa Inna mai shara ce tsaye da tsintsiya, yatsanta yana jini, har ta share rabin wurin.

Sista ta rafka salati. Kan ka ce kwabo masauki ya taru a bakin ƙofa, mai sanda da mai keken guragu da 'yan jinya, kowa yana miƙa wuya.

Masaukin a bayan asibiti yake, kuma mutanen cikinsa duk ciwonsu ɗaya: ƙashi ya karye ya tafi da jijiya, an sa ƙarfe an kama ƙashin, an ɗinke jijiyar. Likita tana bincike a kansu, tana so ta san wa ke warkewa bayan irin wannan aiki, kuma yaushe. Duk bayan 'yan watanni sukan dawo su yi mako guda ana auna su. Mutanen da suka san munsharin juna haka ba sa rasa wanda za su zarga. Rabi suka ce Inna ce, ita ke riƙe da makulli, ga kuma jini a hannunta. Rabi suka ce a'a, Direba ne, ai kowa ya ji shi jiya yana rantsuwa sai ya karya shegiyar na'urar nan.

Sista ta ce ita ba ta da lokacin rabi da rabi. In yamma ta yi ba a samu mai laifi ba, za ta miƙa Inna ga masu gadi, su kuma su miƙa ta ga 'yan sanda. Inna dai ta tsotsi yatsanta.

*

Mutum ɗaya ne bai taso kallo ba. Yana zaune kan benci a baranda, shayi yana hucewa a hannunsa. Mai Sawu ake ce masa, don ƙarfinsa duk a gandun daji ya ƙare, wajen bin sawun ɓarayin namun daji da na dabbar da aka harba ta gudu da rauni. Ya yi ritaya, kuma nan jinyar autarsa ce ta kawo shi. Motar haya ce ta kife da ita da uwarta. Uwar ba ta kai asibiti ba. Auta ta kai, da cinyar dama a karye, jijiyar da ke sauka ƙafa a tsinke.

Tun ranar mutumin nan ya zama wani iri. Bai yi kuka a makabarta ba, bai yi bayan an watse ba. Yakan ci abinci don lokacin ci ya yi. In aka ba shi labarin dariya sai ya gyaɗa kai kamar an gaya masa sunan titi. Sau ɗaya aka ga haƙoransa a shekarar nan, ranar da Likita ta taɓa tafin ƙafar Auta da wani siririn tsinken roba, Auta idonta a rufe, hannunta cikin na ubanta, ta ce, "Na ji." Aka sake taɓawa, ta sake cewa ta ji. Ranar har gaisawa ya yi da masu gadi.

A masaukin, duk wanda ƙafarsa ba ta ji, Sista takan ba shi ɗan madubi mai dogon hannu, ya riƙa duba tafin ƙafarsa safe da yamma, kada abu ya soke shi bai sani ba. Wanda ji ya dawo masa sai ya mayar da madubin a gaban kowa, a tafa masa. Auta ta mayar da nata a zuwan da ya wuce. Abin da ya rage mata shi ne na'urar, wadda ba ta tambayar mutum ko ya ji, jijiyar take tambaya kai tsaye. Yau ne ya kamata a ɗora Auta a kai. Likita ta ce in na'ura ta yarda, yarinya za ta iya komawa kan keken ɗinkinta. Mai Sawu har ya zuba wa keken mai kafin su taso.

Ya ji tahowarta kafin ya gan ta. Takalmin ƙarfen da ke riƙe mata ƙafa, kada yatsun su riƙa jan ƙasa, yana da wata ƙara, ƙyas, ƙyas.

"Baba, wai an fasa na'ura."

"Na ji."

"Sista ta ce kafin a kawo wata sai an yi watanni."

Ya ji wani abu ya ɗan motsa masa a ƙirji. Ya saurara ko fushi ne, sai abin ya kwanta.

Likita ta iso, tabarau a goshi, ta tsaya a gabansa. "Baba, an ce kai ƙasa tana yi maka magana."

"Ƙasar daji, Likita. Ban taɓa hira da siminti ba."

"Yau siminti ya sha hoda. Don Allah zo ka duba mini. Inna ta daɗe tana share ɗakin nan, ko kofi ba ta taɓa fasawa ba."

Ba don Inna ya tashi ba. Ya tashi ne don wani ya shiga tsakanin Auta da kekenta.

*

Ya sa aka kori jama'a daga bakin ƙofa, ya tsuguna, ya kwantar da kai yana kallon ƙasa ta gefe, inda haske ke fito da abin da ido a tsaye ba ya gani. Tsintsiyar Inna ta yi ɓarna. Abin da ya rage 'yan taku ne tsakanin durowa da ƙofa, su ma gefensu ya goge.

"Ba takalmi," ya ce. "Safa ce. Mutumin ya cire takalminsa kafin ya shigo."

"Babba ne?" Likita ta tambaya. "Sawun dama kamar na ƙato."

"Jan ƙafa ne ya tsawaita shi. Yatsun ke fara sauka, su ja ƙasa, sannan dunduniya ta biyo. Girman ƙafar ban iya faɗa ba." Ya matsa gaba da gwiwa. "Dubi nan. Ƙafar hagu ta taɓa ɗan gilashi, ta zabura, yatsu kawai suka tsaya a ƙasa. Ga shatin hannu a bango inda ya dafa. To dubi ta dama."

Ta sunkuya. Sawun dama ya sauka sosai a kan tarin gilashi, ya murƙushe shi. A dokin ƙofa akwai ɗigon jini ɗaya, ya bushe.

"Abin da ban gane ba ke nan," ya ce. "Ya taka gilashi da nauyinsa duka, amma takun da ya biyo baya bai gajarce ba, bai karkace ba. Ko damisa in ta taka ƙaya, sawunta na gaba yakan nuna. Wannan ko dai zuciyarsa dutse ce, ko ƙafarsa katako."

Likita ta sauke tabarau kan hanci. "Ko kuma ƙafar ba ta ji, Baba. Jijiyar da ke ɗaga yatsu da wadda ke kawo ji daga tafi, a cinya uwarsu ɗaya. In ta tsinke, ƙafa takan ja ƙasa, kuma ko wuta ta taka ba ta sani ba."

Ya dube ta. Wannan bai sani ba, daji bai koya masa ba. "Su wa ke da irin wannan a dama?"

"Direba. Akwai tsohon malamin nan, amma nasa hagu ne, kuma keke yake hawa." Ta gyara tabarau. "Da Auta a da. Amma ita ta wuce nan."

"Ta wuce," ya ce. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa.

*

Direba yana kwance rigingine a gadonsa, ƙaton mutum, ciki kamar ya haɗiye taya. Babbar mota ya tuƙa har ranar da ta kwanta a kansa. Da ya ga Mai Sawu sai ya bushe da dariya.

"Dattijo, an turo ka kama ni? Bismillah, ga ni, gudu dai ba zan yi ba."

"Ka ce za ka karya na'ura."

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa. Abu ya riƙa jan ka da lantarki kamar ɓarawon waya, in ya gama ya ce wai jijiyarka ba ta taso ba! Likita ta ce jijiya a hankali take tsirowa, kamar farce. Na ce mata to tawa an yanke mata farcen har tsoka. Amma wallahi da ni na yi, da sanda zan yi, kuma in tsaya a wurin har ku zo ku yi mini godiya."

"Nuna mini ƙafarka."

Direba ya zare safa ba gardama. Tafin ƙafar tas, ba ko kwarzane. Sandunansa biyu suna jingine da gado, kuma ba ya iya taku ɗaya ba su. Mai Sawu bai ga tambarin sanda a cikin garin filasta ba. Ya juya robar ƙasan sandunan duk da haka. Baƙa ƙirin, ba ko ɗigon fari.

"Wanda ya shiga ɗakin ya taka gilashi da safa," ya ce.

Dariyar Direba ta ɗauke. "Da safa? To ba ɗan ƙungiyarmu ba ne. Mu masu matacciyar ƙafa, ko banɗaki ba ma zuwa ba takalmi." Ya zaro madubinsa daga ƙarƙashin filo, ya kaɗa shi. "Ka ga amaryata? Safe da yamma. Akwai sanda na yi yini da ƙusa a dunduniya, ina ta zuba surutu, sai matata ce ta ga jini a tabarma. In ba madubin nan, sai ƙafa ta ruɓe kana hira. 'Yarka dai ta huta, ta rabu da nata. Ni na fi kowa tafi ranar, har hannuna ya yi ja."

Mai Sawu ya ce ya gode. Ya fita yana jin kansa fayau, babu komai a ciki, yadda ya saba.

*

Da rana ya hangi Auta a tsakar masauki tana zagayen da aka ɗora mata, daga famfo zuwa bishiya, ta dawo. Ƙyas, ƙyas. Bai kalli ƙasan da ta taka ba. Tun hatsarin bai taɓa kallon sawunta ba. In ma za a cire mata takalmin don a ga tafiyarta, fita yake yi shan iska, don ba ya iya ganin ƙafar tana lilo. Mutumin da ya san sawun kowace dabba a gandu, bai san na 'yarsa ba.

"Ka ci abinci, Baba?" ta ce da ta zo kusa.

"Zan ci."

"Ka gano?"

"Tukuna."

"Ka bari mana. Ai ba aikinka ba ne, ka zo kana rarrafe a ƙasa kamar mai neman allura." Ta yi 'yar dariya, ta juya ta ci gaba da zagayenta.

Inna ya samu a ɗakin ajiye tsintsiya, zaune kan bokiti a kife, ta ɗaure yatsa da tsumma. Ƙaramar mace ce, ta manyanta, ƙafafunta cikin takalmin roba. Ya roƙi ta cire. Ta cire. Faso ne kawai, irin na shekaru.

"Yaya aka yi ƙofa ta zama a buɗe?"

"Kullum haka nake yi. In buɗe da sassafe iska ta shiga, in je ɗibar ruwa, in dawo in goge."

"Da kike famfo, ba ki ji tafiyar kowa ba?"

"Na san tafiyar kowa a gidan nan, Baban Auta. Mai sanda, mai keke, mai jan silifa. Yau ban ji ta kowa ba. Faɗuwar kawai na ji."

"Da kika zo fa?"

"Na ga ɓarna."

"Sai kika hau shara."

"Aikina ne."

"Inna, mai shara in ya ga gilashi, gilashin yake fara kwashewa. Ke daga tsakiya kika fara, inda sawu yake. Gilashin yana nan har yanzu."

Ta daɗe tana gyara tsumman yatsanta. Sannan ta ce, ba ta ɗago ba, "Datti ko'ina akwai shi a duniyar nan, ba zan rasa inda zan share ba. 'Yan sanda kuma me za su yi da tsohuwa? Su yi mini tsawa su gaji. Ka koma bencinka, bawan Allah. Ka sha shayinka."

"Kin ga mutumin."

"Na ce ka koma bencinka."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Mutum ya cire takalmi don kada a ji shi, ke nan takalminsa mai ƙara ne. Tunanin ya zo har bakin kansa, ya tsaya nan. Ya ce wa ransa ƙafar Auta tana ji. Da idonsa ya gani, hannunta cikin nasa.

*

Yamma ta yi. Sista ta tara kowa a baranda, shugaban masu gadi yana tsaye gefenta yana kaɗa makullai. Direba ya baje a kujera, sanduna kan cinya. Inna tana tsaye jikin ginshiƙi da jakarta, har ta ɗaure kayanta. Likita ta jingina da bango. Auta ta zauna a ƙarshen benci, ta miƙe ƙafar dama gaba, kamar yadda take yi in ta gaji.

"To, Baba," Sista ta ce, "an ce tun safe kake hira da siminti. Me ya gaya maka?"

Mai Sawu ya tsaya a tsakiya, ya faɗi abin da ya gani, muryarsa ba hawa ba sauka. Mutumin safa ya sa. Ƙafarsa ta dama tana ja, kuma ba ta ji. Ya taka gilashi ya yanke. Ba Direba ba ne, don ba ya tafiya ba sanda, tafin ƙafarsa kuma ba rauni. Ba Inna ba ce, don ƙafafunta biyu suna ji, yatsanta kuma wurin shara ta yanke.

"Mun ji wanda ba shi ba ne," in ji shugaban masu gadi. "Wane ne shi?"

Ya buɗe baki zai ce bai sani ba. Idonsa yana ƙasa, inda ya saba zama. Sai ya ga ƙudaje.

Baranda a share take, ba abinci, ba shara. Amma ga ƙudaje sun taru a gefen takalmin ƙarfen Auta, daidai inda fata ta haɗu da roba. Suna tashi suna dawowa wuri ɗaya. Takalmin hagu ko ɗaya babu. Ya san wannan. In jinin dabba ya daina ɗiga a ƙasa, sawu kuma ya ɓace a kan dutse, ƙuda ake bi.

Tun safe take tafiya a kai. Daga famfo zuwa bishiya, ta dawo.

Ya taka har gabanta, ya durƙusa, ya kama maɗaurin takalmin.

"Baba, mene ne haka? A gaban mutane?"

"Tsaya."

"In ƙafata kake son gani, ga ta." Ta tuɓe takalmin hagu da sauri, ta zare safa, ta ɗaga ƙafar. Ɗan tsini ne a babban yatsa, bai kai a kira shi ciwo ba. "Wannan jiya ne, a bakin famfo. Ɗayar kuwa ka sani, da abu ya same ta ai da na ji."

Da gaskiyarta take faɗar rabin maganar. Ba ta san akwai abin ɓoyewa a can ba. Cinyar mai ƙarfe ba ta lanƙwasuwa har ta ga tafin ƙafarta, madubi kuma ta mayar.

Ya zare takalmin. Baƙar safa ce, ta jiƙe ta daskare, ta manne da fata. Ya ɓamɓare ta a hankali. A tsakiyar tafin, gilashi ne ya shige har ya kusa ɓacewa, naman gefensa ya kumbura ya yi duhu. Wata mata ta toshe baki. Direba ya ce, "Innalillahi," a hankali, ba irin muryarsa ba. Inna ta juya fuska ga ginshiƙi.

Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Me kuke kallo?" ta ce. "Baba, me suke kallo?"

Babban yatsansa yana kusa da bakin raunin, yana dannawa. Fuskarta ba ta motsa ba.

*

Sista ba ta sake maganar 'yan sanda ba. Ita da kanta ta turo keke. Shugaban masu gadi ya tsaya da makullansa, ba wanda ya sallame shi, har ya gaji ya tafi.

A ɗakin wankin ciwo Likita ta cire gilashin da hantsaki, ta jefa a kwano, ya yi ƙara. Ta jawo allurar kashe zafi don ɗinki, ta dube ta, ta mayar. Ta wanke raunin sosai. Ta ce an yi sa'a, da ya kwana biyu a rufe cikin takalmi da maganar ta zama wata.

"Tun yaushe?" ta tambayi Auta. Ba faɗa a muryarta.

"Tun farko."

"Ba ki taɓa ji ba? Ko sau ɗaya?"

Auta ta girgiza kai.

"To yaya kike sanin na taɓa? Idonki a rufe yake. Na sha yi miki wayo, in ɗaga tsinke ban taɓa ba, ba ki taɓa faɗawa ba."

Auta ta kalli silin. "Hannun Baba. In tsinken ya sauka, sai ya matse ni. Shi ma bai san yana yi ba."

Mai Sawu ya dubi hannunsa. Hannu ne dai, mai jijiyoyi da tabon ƙaya.

Likita ta cire tabarau, ta murza ido. "Ni na bar shi ya zauna," ta ce. "Na ga kamar tausayi ne. Duk abin da na auna a kanki sai na zubar, kuma daga yau ba ɗan jinya da zai sake shiga ɗakin gwaji." Ta ci gaba da naɗa bandeji. "Maganar na'ura zan kai sama da kaina, zan faɗi nawa laifin tare da naki. Inna kuma ki nemi gafararta da bakinki. Amma abin da ya fi ci mini rai, da kin faɗi gaskiya, da tuni mun sake buɗe cinyar mun duba ɗinkin jijiyar. Watannin nan da suka wuce, tsoka ba ta jira. Za mu gwada. Ban yi miki alkawari ba."

Ta ɗauki kwanon ta fita, ta ja musu ƙofa.

A waje ana jin tsintsiya, wani ya kwance wa Inna kayanta ke nan.

"Ranar farko kuskure ne," Auta ta ce. "Ka matse ni, na zaci tambayata ake yi, na ce na ji. Da na buɗe ido sai na ga kana dariya. Baba, tun da Umma ta rasu ban ga haƙoranka ba. Gidan nan kamar ni kaɗai nake kwana a ciki. Na ce bari in ƙara sau ɗaya, kafin nan jijiyar ta iso, ai an ce tana tafe. Kullum da safe ina tsunkulin ƙafar. Da ka zuba wa keke mai, na rasa inda zan sa kaina, na san na'ura za ta tona ni."

Abin da ya motsa masa a ƙirji da safe ya dawo, wannan karon bai kwanta ba. Zafi ne, zafi sosai, har ya dafa gefen gado. Ya daɗe rabonsa da jin irinsa, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya gane ko mene ne.

Ya fita. Sista tana teburinta tana rubutu. Ya tsaya a gabanta har ta ɗago.

"A ba mu madubinmu," ya ce.

Ta jawo aljihun tebur ba tambaya. Madubin yana nan, da ɗan jan zaren da Auta ta ɗaura a mariƙinsa don kada ya haɗu da na wani.

Ya koma ɗakin, ya zauna a ƙarshen gado, ya ɗora ƙafar a cinyarsa. Nauyi gare ta, da ɗumi, yatsun sun lanƙwashe ƙasa. Ya kalle ta sosai, daga dunduniya har farce. Sannan ya saita madubin, yana juya shi kaɗan-kaɗan har tafin ya fito a ciki, da farin bandejin da jini ya fara hudowa.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

Ruwa ya ɗiga a bayan ƙafarta, ya gangara tsakanin yatsu. Wani ya biyo shi. Auta tana kallon madubi, ba ta san yana zuba ba, sai da ya kai hannu ya share idonsa, hoton ya girgiza, ta ɗago kai.